Motata tana kuka idan na taka totur: giya ce ta tafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2005, mai silinda huɗu, giyarta otomatik. Kusan wata biyu ke nan, da zarar na taka totur sai wani siririn kuka ya taso daga gaba, kamar jiniya daga nesa, yana ƙara tsini yayin da nake ƙara wuta. Ya fi yawa da safe. An canja mini fambel, bai daina ba. Yanzu wani bakanike ya ce giyar ce ta tafi, in nemo ta Beljiyam. Kafin in kashe wannan kuɗi, mece ce shawararka?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka sayi giyar nan tukuna. Ban ce ba za ta iya zama ita ba, amma a cikin abubuwan da ke yin irin wannan kuka a Camry mai injin 2.4, giya ita ce mafi tsada, kuma ba ita ce ta fi yawan yi ba. Akwai gwaje-gwajen da za ka yi da kanka a ƙofar gida, ba tare da ka kashe ko sisi ba, waɗanda za su nuna maka ɓangaren da kukan yake. Duk bakaniken da ya ce a sauke giya bai yi waɗannan gwaje-gwaje a gabanka ba, tsammani yake yi, kuma da aljihunka yake yin tsammanin.

Fambel ɗin da aka canja ma ban yi mamakin da bai magance komai ba. Kukan bel daban yake. Bel idan ya saki ko ya ƙone yana yin ƙiiii ne mai kaifi, na ɗan lokaci, galibi da an tayar da mota ko an kunna esi, sannan ya yi shiru. Abin da ka siffanta, siririn kuka mai hawa da sauka kamar jiniya, na wani abu ne da ke juyi a kan boris, ko na famfon da ke jan mai da kyar, ko na haƙoran ƙarfe da ke gugar juna.

To abubuwan da ke juyi a mota gida biyu ne. Akwai waɗanda inji ke juyawa ko motar tana tsaye: altaneta, famfon sitiyari, famfon ruwa, kwamfiresan esi, fulin da ke ɗame bel, da famfon man da ke bakin giya. Akwai kuma waɗanda ba sa motsi sai tayoyi sun motsa: boris ɗin taya, shaf, haƙoran cikin giya na ƙarshe, da tayoyin kansu. Aikinka na farko shi ne ka gano wane gida kukan yake bi.

Da safe, tunda lokacin ya fi fitowa, ka tayar da motar, ka bar ta a P, ka ja birkin hannu. Ka kashe rediyo da esi. Ka taka totur a hankali kana kallon agogon juyin inji, daga sulo har allura ta kai 2,500 ko 3,000, sannan ka saki. Idan kukan ya hau tare da allura ya sauko tare da ita alhali motar ba ta gusa ba, ka riga ka wanke boris ɗin taya da shaf da tayoyi gaba ɗaya. Idan shiru ka ji, sai ka hau titi mai kyau marar cunkoso ka saurara lokacin da giya ke canjawa. Kukan da ke bin inji zai faɗo ƙasa duk sa'ad da giya ta shiga ta gaba, domin juyin inji ya ragu, sannan ya sake hawa. Kukan da ke bin gudun mota ba ruwansa da canjin giya, hawa kawai yake yi daidai da maleji.

Bisa abin da ka faɗa, musamman cewa ya fi yawa da safe, zuciyata ta fi karkata ga famfon sitiyari, don haka bari in daɗe a kansa. Motarka tana da sitiyari mai aiki da mai, kuma famfonsa yana kan bel ɗaya da altaneta, yana juyi muddin inji na aiki ko ba ka taɓa sitiyarin ba. Shi ya sa mutane ke ruɗewa, suna cewa ai ba a kwana yake kukan ba. Ka bar motar a sulo, ka juya sitiyari a hankali zuwa dama, ka dawo hagu. Idan sautin ya canja, ya yi kauri ko ya koma gurnani, ka kama ɓarawonka. Kada dai ka riƙe sitiyarin a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan, domin a nan ne matsin man ke kai wa maƙura.

Daga nan ka buɗe murfin robar man sitiyari, inji yana aiki, ka haska ciki. Abu uku kake nema: ko man ya yi ƙasa, ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko yana kumfa. Kumfar nan ita ce babbar shaida. Tana nufin iska tana shiga layin, kuma famfon da ke niƙa iska tare da mai dole ya yi kuka. Inda iskar ke shiga kusan kullum shi ne tiyon da ya taso daga robar zuwa bakin famfo, ko ɗan zoben robar da ke wurin haɗin. Wannan tiyo tsotsa ake yi ta cikinsa, ba turawa ba, saboda haka zai iya shan iska ba tare da ya ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Motar da ta haura shekara goma sha biyar a zafinmu, robobinta sun bushe sun yi tauri kamar itace. Da safe roba ta ƙanƙance, man kuma ya yi kauri, sai iska ta samu hanya. Inji na ɗaukar zafi roba ta ɗan saki ta toshe kafar, kukan ya ragu. Ka ga yadda ya yi daidai da labarinka. Akwai kuma 'yar raga a gindin robar man da datti ke toshewa, famfo ya riƙa ja ba ya samun isasshe. Wankinta ko canja robar kan kashe kukan da aka kusa sayen sabon famfo dominsa.

Idan an canja tiyo ko zoben, sai a fitar da iskar da ta rage: a ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, ana ƙara mai, har kumfa ta ƙare. Ka karanta abin da ke rubuce a kan murfin kafin ka zuba komai. Toyota na shekarun motarka man giyar otomatik nau'in Dexron suke sha a sitiyari. Honda kuwa nata man daban ne, kuma masu Accord na 2003 zuwa 2007 su ma su fara duba wannan zoben na bakin famfo, domin sananne ne a kansu. Man birki kada ya kusanci wurin ko da wasa. Yana kumbura duk robobin da ke ciki. Masu Corolla daga 2009 da Camry daga 2012 su tsallake wannan babi, sitiyarinsu na lantarki ne, babu famfo.

Idan juya sitiyari bai canja komai ba, sai altaneta. Tana juyi kusan ninki biyu zuwa uku na juyin inji, don haka boris ɗinta idan ya bushe kukansa siriri ne ƙwarai. Ka kunna fitilu masu dogon zango da fankar esi a ƙarshe, duk lokaci guda. Idan kukan ya ƙaru da ka ɗora mata nauyi, ita ce. Mai wayarin zai sa mita a kan batir: kusan 12.6 idan inji a kashe yake kuma batirin a cike, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Wani lokaci ba boris ba ne, diyod ne ɗaya, cikin 'yan na'urorin da ke daidaita wutar caji, ya ƙone a ciki, altanetar tana caji sama-sama tana kuka, batir kuma yana kwana ya sauka. Akwai ma wanda kukan ba a inji yake ba sam, ta lasifika yake fitowa yana bin totur. Kashe rediyo kaɗai zai tona wannan, kuma galibi wayar ās ce ta rediyon ko ta amfilifaya, wato wadda ake ɗaure wa a ƙarfen jikin mota, ba ta kama jiki da kyau ba.

Ina roƙonka abu ɗaya a nan. Kada ka yarda kowa ya cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. Dabarar zamanin motocin kafireto ce. A motar da ke da birenbos, wato kwamfutar mota, wutar da ke tsalle a wannan lokaci za ta iya ƙona shi ko ta ƙarasa diyod ɗin altanetar. Mita tana ba da amsar da ta fi wannan, ba tare da kasada ba.

Sauran na kan bel, wato fulin tenshina mai ɗame bel, famfon ruwa da fulin kwamfiresan esi, kunne ne ke rarrabe su. Mu a gareji dogon sukundireba muke ɗauka, mu ɗora bakinsa a jikin abin da ba ya juyi, kamar gangar altaneta ko noti na tsakiyar fuli, mu kara marikin a kunne. Lafiyayyen boris shuuu yake yi a hankali, mataccen kuwa za ka ji shi kamar ana niƙa tsakuwa. Idan za ka gwada da kanka, don Allah ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun riga, ka ajiye carbi da duk abin da ke lilo. Bel ba ya jira, kuma fankar lagireto tana tashi da kanta ba sanarwa.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne cire bel ɗin gaba ɗaya. A yi shi inji da sanyi. A cire, a tayar, a ɗan taka totur, a kashe kafin minti ɗaya ya cika, domin a wannan injin bel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa. Idan kukan ya ɓace, maganar giya ta mutu, laifin yana cikin abubuwan da bel ke ja. Tun bel yana ƙasa, a juya kowane fuli da hannu, a girgiza shi. Wanda ya yi gara-gara, ko yake rawa, ko yake ta juyi ba tsayawa da ƙarar bushewa alamar man cikinsa ya ƙare, shi ne. A famfon ruwa a duba ko akwai busasshen ɓawon ruwa a ƙasansa. Masu zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji su suka fi saurin rasa wannan famfo, tsatsa ke cinye shi.

Na taɓa karɓar wata mota da aka riga aka canja mata giya sukutum a wani wuri, mai ita ya biya kuɗin giya da na aiki da na mai, ya fito titi kukan yana nan yadda yake. Da muka cire bel muka tayar, shiru. Boris ɗin fulin tenshina ne, abin da ke shiga tafin hannu. Har yau idan na tuna fuskar mutumin nan raina yana ɓaci, domin tsohuwar giyarsa lafiyarta ƙalau, kuma an riga an yi gaba da ita.

Yanzu idan an cire bel kukan yana nan, motar tana tsaye, a nan ne zan fara kallon giya, amma ba da niyyar sauke ta ba. A bakin giyar otomatik akwai famfon mai da kombata, wato tulun da ke haɗa inji da giya, ke juyawa muddin inji na aiki, ko a P ne. Idan man ya yi ƙasa, ko filtar da ke cikin kwanon giya ta toshe, famfon zai yi ta tsotsar iska yana kuka, kamar dai na sitiyari. Alamarsa ita ce kukan kan ƙaru idan ka sa ribas, domin a ribas matsin man ya fi yawa, kuma giyar kan yi jinkirin kamawa da safe. Ka auna man yadda ya kamata: motar ta yi tafiya ta ɗauki zafi, tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana sulo, ka bi da hannun giya ta kowane matsayi ka dawo P, sannan ka zare geji ka goge ka mayar ka sake zarewa. Honda ba haka ake mata ba, ita sai an kashe inji ake aunawa nan take. Ka ɗiga man a farar takarda. Ja ko ruwan hoda mai haske lafiya ne. Ruwan ƙasa mai duhu ya tsufa. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faya-fayen ciki sun fara ci. Idan ya yi kamar an dama madara a ciki, ruwa ne ya shiga, galibi ta lagireto, kuma wannan motar a tsayar da ita a ranar.

Nau'in man yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Giyar motarka man T-IV take sha, za ka ga an rubuta a jikin gejin ko a littafin motar. Camry daga 2007 kuma WS. Da yawa daga giyoyin da ke kuka a garuruwanmu ba tsufa ya kashe su ba, man da aka auno a galan ba suna ba lamba ne. Idan man ya tsufa amma bai ƙone ba, a kwance kwanon, a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa shi ne mugun labari. A canja filta, a zuba sabon mai daidai abin da ya fita, wajen lita 3 zuwa 4. Ba na son a sa wa tsohuwar giya injin wanki mai tura mai da ƙarfi. Yana tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin ƙananan hanyoyin mai.

Idan kuwa kukan ba ya fitowa sai motar tana tafiya, ka lura da ƙafarka. Ka kai gudun da ya fi fitowa, ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, boris ɗin taya ne ko taya. Boris ɗin taya ya fi kama da gunji, wuuu, kamar jirgi na wucewa sama, kuma yana canjawa idan ka ɗan karkata motar dama da hagu a titin da ba kowa: idan ka karkata hagu ya ƙaru, yawanci na dama ne, domin nauyi can ya koma. Taya mai cin gefe ko mai tudu-tudu kuwa sautinta yana canjawa daga kwalta zuwa kwalta, kuma idan ka shafa ta da tafin hannu za ka ji. Amma idan kukan yana zuwa da ka taka, ya ɗauke da ka saki, kuma yana bin maleji, to haƙoran ƙarshe ne ko boris ɗinsu. A Camry, da yake tayoyin gaba ke ja, waɗannan suna cikin gangar giyar ne. Wannan kaɗai, tare da ɓarɓashin ƙarfe a kwano, shi ne yanayin da zan yarda bakanikenka yana da gaskiya.

Ga masu wasu motoci da za su karanta, a taƙaice. Hilux da Hiace da tsohuwar Fijo 504, masu ja da baya, irin wannan kuka daga aksul na baya yake tasowa, kirawun da finiyan ne, wato haƙoran da ke cikinsa, kuma abin farko shi ne a kwance noti a ga ko akwai mai. Bayan damina sau da yawa ruwa ake tararwa ya shiga, man ya koma fari. Man wurin mai kauri ne, GL-5. A giyar hannu, kukan da ke zuwa idan ka taka kuloci rilis boris ne, wanda ke nan a firi ya ɗauke idan ka taka kuloci kuma boris ɗin shaf na shiga giya ne. Kukan ribas a giyar hannu ba ciwo ba ne, haƙoransa miƙaƙƙu ne, haka aka ƙera su. Giyar CVT, irin ta Corolla daga 2014 da Nissan da yawa, tana da ɗan siririn sauti tun tana sabuwa, amma idan ya ƙaru bayan doguwar tafiya cikin rana, man ya yi zafi ko ya tsufa, kuma ba ta karɓar man otomatik na gama-gari ko kaɗan. Masu dizal mai tobo, ɗan fito na al'ada ne. Idan ya koma jiniya, ga raguwar ƙarfi ko hayaƙi, a duba tiyoyin iska ko ɗaya ya tsage, sannan a duba fukafukan tobo, waɗanda ƙurar hunturu ke ci idan filtar iska ta huje ko ba ta zauna daidai ba. Kukan da ke fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya, sauti ɗaya ba hawa ba sauka, famfon fetur ne, kuma yawo da tanki a ƙasa kullum yana rage masa kwana.

Game da ko za ka ci gaba da hawa: da kukan sitiyari za ka iya zirga-zirgar cikin gari na 'yan kwanaki muddin akwai mai a robar. Da boris ɗin fuli ko famfon ruwa ba zan kama hanyar Kano zuwa Kaduna ba, domin ranar da ya cije bel zai tsinke ko ya zame, caji da sitiyari da sanyaya inji su tafi lokaci guda. Idan fitilar batir ta kama, ko allurar zafi ta haura, ko giya ta fara zamewa inji yana ihu mota ba ta ja, ka faka.

Idan duk gwaje-gwajen nan sun ƙare a kan giya, to ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko inda kake saye tare da bakaniken da zai ɗaura ta, ba kai kaɗai ba. Camry na waɗannan shekaru akwai mai giya huɗu akwai mai biyar, kuma ba sa shiga wa juna haka kawai saboda soket da birenbos, don haka a duba lambar giyar da ke kan takardar jikin ƙofar direba a sayi irinta daidai. A kwance kwanon wadda za ka saya a gabanka ka ga man da maganaɗisun. Ka yi sharaɗin kwanakin gwaji da mai kaya, a rubuce. A wanke layukan da ke kai man giya lagireto kafin a ɗaura, don kada ɓarɓashin tsohuwar ya shiga sabuwar. Tsohuwar kuma ka riƙe abarka a gida har sai ka yi mako guda kana hawa ka tabbatar kukan ya tafi.